Ta'aziyyar Malam Hashimu Dakko, Wanda Ya Kai Fiziks Rumfar Kilishi

Daga Allah muka fito, gare Shi muke komawa, kowa da ranarsa. Ranar Malam Hashimu Abubakar Dakko ita ce Talata, 25 ga Safar 1447, daidai da 19 ga Agusta 2025. Ya cika da hantsi a gidansa da ke Bakura, bayan jinyar ciwon ƙoda ta kusan shekara biyu. Yana da shekara sittin da tara.

Ina zaune a ofishina a Talata Mafara, hayaniyar kasuwa tana shigowa ta taga, sai Martha Ezekiya ta turo ƙofa ba ta ƙwanƙwasa ba. Martha ita ce mai kula da ɗakin gwaje-gwajen sashenmu na fiziks, kuma cikin shekara ashirin da na san ta ban taɓa ganin ta yi haka ba. 'Yar Zuru ce, Kirista ce, amma Baba take ce wa Malam tun ranar da ta kama aiki. Ta tsaya riƙe da waya, ta ce, "Dakta, Baba ya tafi." Ta zauna a bakin ƙofa tana kuka. Ni kuwa ko hawaye ban yi ba a lokacin. Abin da ya fara zuwa zuciyata ba mutuwar ba ce ma, wata magana ce da ke tsakanina da shi wadda na yi shekara biyu ina cewa gobe zan je in faɗa.

Malam, ni ne Sufyanu, ɗan Maiwada mai kilishi, ɗalibinka wanda daga baya ya zama shugabanka a wurin aiki. Mutane da yawa za su rubuta alherinka, kuma duk abin da suka faɗa gaskiya ne. Ni nawa rubutun dabam ne, domin ni ne na rubuta takardar da ta hana ka ƙarin girma, na kira aikin rayuwarka abin da ba shi ba, kuma har ka koma ga Allah ban buɗe baki na nemi gafararka ba. Zan faɗi yadda abin ya faru, amma sai na fara gaya wa waɗanda ba su san ka ba ko kai wane ne.

A shekarar 2003 na fara zama ajinka. Mun shigo da sababbin littattafai muna jiran a cika mana allo da lissafi, sai ga ka da ƙwarya a hannu, cike da gasara, irin wadda mata suke dama koko da ita. Muka kalli juna. Ka ajiye ta a kan tebur, ka kira wani ƙato daga bayan aji, ka ce ya nausa da ƙarfinsa. Ya nausa, hannunsa ya tsaya a sama, ko jiƙewa bai yi ba. Ka ce to ya sa yatsa a hankali. Yatsa ya nutse har ƙasan ƙwarya. Sai ka juyo gare mu da harshenka na Bakura wanda boko bai taɓa gyara shi ba, ka ce, "To, masu ilimi, ku gaya min. Wanga abu ruwa na ko dutsi na?" Ka ce littafin da ke hannunmu ya raba duniya uku, mai ƙarfi da mai ruwa da mai iska, amma mu duba abin da muka karya kumallo da shi, mu duba naman jikinmu, mu ga ko akwai wanda ya yarda ya zauna a ɗaki ɗaya cikin ukun nan.

Wannan ita ce tambayar da ka yi shekara talatin da wani abu kana bi. Kana kiran fannin naka kimiyyar masu laushi, wato duk abin da ya tsaya tsakanin ruwa da dutse: kindirmo, laka, kumfar sabulu, ƙaro, yauƙin kuɓewa, jini, fata, jijiya. A wurinka duk dangi ne. Kakan ce ƙananan abubuwa ne da ido ba ya gani, wasu dogaye kamar zare, wasu dunƙule, suna cakuɗe cikin ruwa, suna riƙe juna riƙo marar ƙarfi, shi ya sa ɗan zafi kaɗan ko ɗan matsi kaɗan yake canza musu hali. Wanda ya gane yadda madara take kama jikinta ta zama kindirmo, a cewarka, ya kama hanyar gane yadda jini yake daskarewa a bakin rauni.

Kuma ba a ofis ka yi wannan bincike ba. Tsohon babur ɗinka ya san hanyar Faru da Dosara fiye da na masu acaɓa. A Dosara ka yi damina biyu kana zama da mata masu sayar da nono, kana auna kaurin kindirmo da mazurari da agogon hannu, har suka sa maka suna Malam Mai Mazurari. A gefen Maradun, inda ruwan madatsar Bakolori yake bi ta magudanai, manoma sun sha ganin ka durƙushe da rula kana auna faɗin tsagewar laka idan ta bushe. Wani dattijo a Faru ya taɓa ce mini shi da farko ya ɗauka taɓin hankali ne ya same ka, har ya yi maka addu'a. Daga baya kai ne ka nuna musu yawan yashin da za su haɗa da laka don kada rumbu ya tsage, kuma rumbunan da aka gina da wannan awo suna nan tsaye.

Ko shanu ba ka bari ba. Ka lura cewa ranar kasuwa, idan aka koro garke zuwa ƙofar kara, sukan cushe a bakin ƙofa su kasa shiga, kamar yadda gero yake toshe bakin mazurari. Ka ce wa dillalai su kafa turke ɗaya a gaban ƙofar, ɗan nesa kaɗan. Suka yi maka dariya, suka ce ana neman hanya kai kana ƙara shinge. Da suka gaji da naci suka kafa, sai shanun suka riƙa rabuwa biyu suna wucewa salin alin. Ka dawo aji kana murna kamar an yi maka haihuwa, kana ce mana garken shanu da tarin ƙwayoyin cuta da ke iyo cikin ɗigon ruwa lissafi ɗaya yake iya kama su.

Mutane kaɗan ne suka san inda wannan naci ya samo asali. 'Yarka ta fari, Ikilima, an haife ta da sikila. Ka taɓa gaya mini, sau ɗaya tak, cewa wata rana tana cikin ciwo ka ɗiga jininta a gilashi ka duba a madubin da ke ƙara girman abu. Ka ga wasu ƙwayoyin jinin sun lanƙwashe kamar lauje. Ka ce lafiyayyar ƙwayar jini taushi gare ta, takan naɗe kanta ta bi ta jijiyar da ta fi ta ƙanƙanta, amma ta mai sikila takan sandare ta tsaya a hanya, sauran su taru a bayanta, kuma wannan cushewar ita ce kukan da yarinyar take yi. Ikilima ta rasu tana da shekara goma sha huɗu. Tun daga nan ka riƙa narka bututun gilashi a kan wuta kana ja har ya yi siririn gashi, kana karɓo jinin shanu daga kwata, kana auna yadda yake bi ta ciki. Ba ka taɓa cewa za ka samo magani ba. Ka ce kai dai kana so ka fahimci abin da ya ci 'yarka.

Alherinka gare ni kuwa, ban san ta inda zan fara ba. Da na gama shekara biyu a kwaleji mahaifina ya ce karatun ya isa, in dawo rumfa, domin ni ne ɗan fari. Kai ka taka da ƙafarka har rumfarsa a bakin kasuwa. Ba ka yi masa wa'azin boko ba. Ka zauna a kan benci ka kalli aikinsa tun daga yankan naman fale-fale, da shanya shi a kan kara, har zuwa haɗa labu, wato kwaɓin tunkuza da kayan yaji da ake tsoma naman a ciki. Ka ga yadda yake tsoma hannu ya ɗaga, ya kalli yadda labun yake zuba daga yatsunsa, sannan ya ƙara ruwa ko ya ƙara tunkuza. Ka tambaye shi yadda yake gane ya yi daidai. Ya ce, "Malam, ni ban san boko ba. Hannu ka gaya min."

Sati uku ka yi kana zuwa da mazurarinka. Duk kwaɓin da ya ce ya yi, sai ka zuba ka duba agogo. Ka samu cewa hannun tsohon nan ba ya kuskure: ko da sanyin safiya ne ko da zafin azahar, ko tunkuzar mai mai ce ko busasshiya, lokacin da labunsa yake ɗauka kafin ya wuce mazurari kusan ɗaya ne. Idan ya fi haka ruwa ba zai kama nama ba, idan ya fi haka kauri zai ɓare a kan wuta. Ka gaya masa a gaban sauran mahauta cewa shekara arba'in ya yi yana aikin kimiyya bai sani ba. Mutumin da duk rayuwarsa ake kira da mahauci a wulaƙance, ranar nan ya shigo gida yana murmushi shi kaɗai. Bayan kwana biyu ya aiko ƙanena ya ce mini in koma makaranta. Kai ka rubuta mini takardar shaida zuwa jami'a, kai ka raka ni tasha.

To, a nan ne labarin ya karkace, kuma ni na karkatar da shi. Ni karatu na yi don in gudu daga rumfa. Tun ina firamare yara suke toshe hanci idan na zauna kusa da su, suna cewa ina warin kwata. Da na samu dama na zaɓi fannin da ya fi kowane nisa da nama da jini, na yi digirin dakta a kan sararin samaniya, inda ba ƙuda ba hayaƙi. Na dawo a 2016 hancina a sama. Bayan shekara biyu aka ba ni shugabancin sashe, a kan kai da ka koya mini riƙe rula. Kai ne ka fara shigowa yi mini murna, kana zolayata da "Ranka shi daɗe, shugaba."

Wata Laraba, ba ka shawarce ni ba, ka gayyato mahaifina ya nuna wa ɗalibai haɗin labu a ɗakin gwaje-gwaje. Na san da zuciya ɗaya ka yi, kana ganin girmamawa ce gare shi da ni. Ya zo da rigarsa ta aiki, da ƙwaryarsa, ƙamshin hayaƙi yana bin sa. Da ya ga malamai a baranda sai ya cire takalmi ya rusuna yana gaishe su ɗaya bayan ɗaya, har da waɗanda na girme su. Ina kallon duk wannan ta tagar ofis. Na ja labule, na murɗa makulli. Martha ta zo ta ƙwanƙwasa sau biyu ta ce kana kira, na ce ina da aiki. An ce ɗalibai sun tafa wa mahaifina sosai. Amma kafin sati ya zagayo an rubuta "Dakta Kilishi" da alli a bayan motata, kuma na ji wasu abokan aiki suna maimaita sunan suna ƙyaƙyatawa. Ban yi fushi da wanda ya rubuta ba, da kai na yi fushi.

A 2019 takardunka na neman matsayi na ƙarshe suka iso teburina. Saura shekara biyu ka yi ritaya, wannan ce damarka ta ƙarshe, kuma ka cancanta tun shekaru goma da suka wuce. Abin da ake buƙata daga gare ni shi ne in shaida cewa bincikenka yana cikin fanninmu. Na bubbuɗe takardun: kindirmo, laka, jinin shanu, sai kuma ɗaya a kan labu, inda ka sa sunan mahaifina a cikin waɗanda ka gode wa. Na ɗauki biro na rubuta cewa aikin yana da ban sha'awa, amma ba fiziks ba ne, ya fi dacewa da sashen koyar da girki. Da Turanci na rubuta, domin na san da Hausa hannuna ba zai iya ba. Na gaya wa kaina ina kare martabar ilimi ne. Kwamiti ya dogara da maganar shugaban sashe, kamar yadda ya kamata ya yi, aka mayar maka da takardunka.

Washegari ka shigo ofishina kamar kullum. Na shirya amsoshi tun daga gida, na ɗaure fuska ina jiran faɗa. Ka gaishe ni, ka tambayi lafiyar yara, ka ce injin ruwan ɗakin gwaje-gwaje yana yoyo a sa a duba, ka fita. Da ka zage ni da na ji sauƙi. Ka yi ritaya a 2021 a matsayin da ka daɗe a kai, yaran da ka koyar suna gabanka. Ranar walimar bankwana ni na yi jawabi, na yabe ka da kalmomi masu daɗi, kana zaune kana gyaɗa kai. Shekarar da ta biyo mahaifina ya rasu. Ka taso daga Bakura a kan babur cikin ruwan sama, ka yi kwana uku kana zaman makoki a ƙofar gidanmu, kana karɓar gaisuwa tare da mu kamar ɗan gida.

A 2023 aka tura ni wani babban taron masana fiziks a ƙasar waje. Na tafi da 'yar takardata ta samaniya, na gabatar da ita ga mutum goma sha ɗaya, biyu suna gyangyaɗi. Da na fito na ga jama'a suna tururuwa zuwa wani babban zaure, har wasu suna zaune a ƙasa. Na bi su. Wata farfesa mai furfura tana magana, kuma hoton da ke bayanta a allo kwanon kindirmo ne. Kwana uku na yi a zauren nan ban koma nawa ba. Na ji jawabi a kan kumfa, da laka, da yadda ƙwayar jini take naɗewa cikin siririyar jijiya, da yadda tumaki suke cushewa a bakin ƙofa, har da gwajin kafa turke a gabanta. Fanni ne guda mai faɗi, da mujallunsa da manyan malamansa da dubban ɗalibai, ya kama tun daga abin da ke cikin tukunya har zuwa abin da ke cikin ƙwayar halittar ɗan Adam. Su suna da na'urori masu cika ɗaki. Tambayoyin kuwa naka ne, waɗanda ka yi da mazurari da agogon hannu. Na zauna a kujerar baya gumi yana keto mini cikin sanyin na'ura. Ba jahilci kaɗai ya sa na rubuta abin da na rubuta ba, wannan na sani, amma ranar nan ko jahilcin da nake fakewa da shi an ƙwace mini.

Na dawo da niyyar in wuce Bakura kafin in kwance jaka. Tafiyar ba ta kai awa ɗaya ba. Sai na ce bari a gama jarrabawa. Da aka gama na ce hanya ba lafiya, kuma gaskiya ne a lokacin ana tare mutane, amma Martha tana zuwa duba ka duk ƙarshen wata a motar haya, ta wannan hanyar dai. Sai bayan babbar sallar 2024, da na ji jikinka ya yi tsanani, sannan na yi ta maza na tafi.

Na same ka a zaure a kan tabarma, ƙafafunka sun kumbura, ka rame har na so in kasa gane ka. Na kawo maka kilishi daga rumfarmu, ban ko tuna cewa likita ya hana ka nama da gishiri ba. Ka yi dariya, ka yagi ɗan kaɗan ka ɗaga shi a hasken ƙofa, ka ce, "Wanga ba hannun Maiwada na ba. Labun ya yi ruwa." Na ce ƙanena ne yake yi yanzu. Muka shiga gaisuwa irin tamu ta mutanen nan, wadda ba a gaggauta ta: ina kwana, ina gajiya, ina gida, yaya ɗiya, yaya ruwa, yaya jiki, ina labari. Kowa ya san yadda abin yake. Idan gaisuwa ta ƙare, mai gida yakan ce "To, madalla," ya yi shiru, a nan ne baƙo yake cewa ga abin da ke tafe da shi. Ka ce, "To, madalla." Ka yi shiru kana kallon tabarma. Maganar tana bakina, na shirya ta tun daga Mafara. Sai na ji kaina ina cewa, "Yaya mutanen Dakko?" Muka sake zagayawa. Ka sake cewa madalla, ka sake yin shiru, wannan karon ya fi tsawo. Na tambayi lafiyar shinkafar fadama. Karo na uku na koma zancen ruwa. Sau uku ka buɗe mini ƙofar nan, sau uku ina komawa gaisuwa. Da aka kira la'asar na ce zan kama hanya kada yamma ta yi mini. Ka yunƙura za ka raka ni, na hana ka. A mota na ce wa kaina ai ba a tayar da tsohon zance ga marar lafiya, zan dawo idan ka ji sauƙi. Wannan shi ne ganina da kai na ƙarshe.

An yi jana'izarka bayan azahar a ƙofar gidanka. Jama'a ta cika layi har bakin titi: malamai, ɗalibai, manoman Faru, dillalan kara, mahautan Mafara da suka rufe rumfunansu ranar kasuwa sukutum. Martha da mijinta da wasu daga cocinsu suna tsaye a gefe ƙarƙashin dalbejiya. Kafin a ta da salla ƙaninka Hassan ya miƙe ya yi abin da aka saba yi. Ya ɗaga murya ya ce, "Jama'a, duk wanda Malam yay yi ma laihi, don Allah shi yahe mai." Jama'a suka amsa baki ɗaya, "Mun yahe, Allah shi yahe muna." Ni ma na amsa tare da su. Ni, Sufyanu, na tsaya a gaban makararka na ce na yafe maka. A nan ne kukan da ya ƙi zuwa tun safe ya zo, domin na ga al'adarmu ta tanadi yadda mai rai zai yafe wa mamaci, amma ba ta da wurin da mamaci zai amsa wa mai rai.

Ranar uku na nemi iso na shiga gaishe da Hajiya Taibatu, matarka. Na durƙusa daga bakin ƙofa, ita tana ciki a kan darduma. Bayan na yi mata gaisuwa na kasa tashi. Na tambaye ta ko Malam ya taɓa yi mata zancen takardar nan. Ta ce ta san da ita, amma daga bakin wasu ta ji, kai ba ka taɓa ɗaga maganar a gida ba. Sannan ta ce, "Sai dai ran da kaz zaka da kilishi. Da kat tahi na ce mai, wanga yaro mi ya kawo shi? Yac ce, Suhyanu ya zaka da magana, ya koma da ita. Ki bar shi, nauyin baki garai kamar ubanai. Shina dawowa." Ta ce tun daga ranar, duk lokacin da ka ji tsayuwar mota a ƙofar gida sai ka ce a leƙa a ga ko ni ne. Wata goma sha huɗu kana sa ana leƙawa.

Malam, ga maganar, a gaban duk wanda zai karanta. Abin da na rubuta a 2019 ƙarya ne. Aikinka fiziks ne, kuma ya fi nawa. Kunyar sana'ar ubana ce ta sa na zalunce ka, alhali kai ne mutum na farko da ya mutunta sana'ar nan a gabana. Na rubuta haka ga hukumar kwaleji, na sa hannu, na roƙi a liƙa takardar a kan waccan a cikin fayil ɗinka. Na san ba za ta ƙara maka komai ba yanzu. Ban san ko ka yafe mini ba. Hajiya ta ce tana kyautata zaton ka yafe, amma ba ta ji daga bakinka ba, kuma ba zan ƙaga maka maganar da ba ka faɗa ba don in samu barci. Zan riƙe wannan har ranar da za mu tsaya gaban Allah.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Hajiya Taibatu, da 'ya'yan Malam, Abdulbasit da Bushira, da ƙaninsa Malam Hassan, da dukkan zuriyarsu a Dakko da Bakura, da Martha wadda ta riƙe shi uba har ƙarshe, da ɗalibansa a duk inda suke. Allah Ya ba ku haƙurin wannan rashi, Ya tsaya muku a inda ya bari.

Ya Allah, Ka ji ƙan bawanKa Hashimu. Ka gafarta masa kurakuransa, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka sa jinyar da ya sha ta zama kaffara. Ka sanya ilimin da ya bayar ya riƙa isa gare shi, Ka haɗa shi da Ikilima a Aljanna Firdausi. Mu da muka saura Ka kyautata namu ƙarshen. Ni kuwa, ya Ubangiji, haƙƙin bawanKa yana wuyana, kuma na bar lokacin ya wuce. Ka ba shi ladan jiran da ya yi mini, Ka sa ya yafe mini a ranar da ba ni da wata gaisuwa da zan fake da ita. Amin.

Dakta Sufyanu Maiwada
Talata Mafara